Tarkon da Na Ɗana a Ƙwaƙwalwar Mota

Mijina rewaya ne, mai gyaran wutar mota, shagonsa yana bakin hanyar Kagoro. Ni kuma malamar fiziks ce a wata sakandaren gwamnati a nan Kafanchan. A shekarun farko na aurenmu, idan an tashi makaranta nakan bi ta shagon, in zauna a kan wata tsohuwar kujerar mota da ya jingina da bango, in ci gasasshiyar masara ina kallonsa yana aiki. Ba shi da yawan magana. Yakan daɗe yana sauraron inji kafin ya taɓa shi, kuma direbobi sun san in ya ce su dawo gobe, to gobe za su tafi da motarsu.

Da motocin Beljiyam masu kujera bakwai suka cika tasha, sai aiki ya fara fin ƙarfin masu gyara. Kowace mota tana da ƙwaƙwalwa, wani akwatin ƙarfe da direbobi ke kira birenbos, shi ke gaya wa inji yawan man da zai sha da lokacin da wuta za ta kama. An tsara shi don man Turai da titunan Turai. Idan motar ta sha man galan na bakin hanya, aka cusa mata fasinja har gaba, aka ɗora buhunan citta a baya, sai fitila ta kama a gaban direba, ta riƙa jan ƙafa kamar akuya mai ciki. A hawan dutsen hanyar Jos wasu kan tsaya cak, fasinjoji su sauka su tura.

Wata Asabar da rana mijina ya kawo birenbos ɗaya gida, ya buɗe shi a kan teburin cin abinci. Ya nuna mini wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu kamar ƙwaro, wanda suke kira aisi.

"Duk maganar tana cikin wannan," in ji shi. "Amma lambobi ne. Ni waya na sani."

Na ce in dai lambobi ne, ya bar ni da su.

Muka je Kaduna muka sayo tsohuwar kwamfuta da wata 'yar na'ura mai maƙali da ake kama ƙafafun aisi da shi a karanta abin da ke ciki. Daga nan duk hutun makaranta ya zama na mota. Shi yana tuƙi, ni ina gefensa da kwamfuta a cinya, mu hau dutse mu sauko, in canza lamba ɗaya, mu sake hawa. Mun ƙona akwatuna, mun kwana da mota a garin Gidan Waya saboda ta ƙi tashi, mun yi faɗa a kan hanya har na sauka na ce zan shiga haya. Damina biyu ta wuce mu a haka. A ƙarshe muka samu tsarin da ya dace da manmu da lodinmu, muka adana shi a fayil ɗaya. Motar da muka zuba wa shi takan hau dutse da kaya ba tare da tari ba. Direbobi suka sa masa suna gyaran Malama. Mijina kuwa bai taɓa cewa nawa ko nata ba, kullum aikinmu yake cewa.

Yana da aboki tun na yarinta. Ƙauyensu ɗaya, ogansu ɗaya lokacin da suka koyi aiki a Kaduna, shi ne kuma abokin ango ranar bikinmu. A cocinmu dattijo ne, yana da murya mai daɗi, in ya ɗaga waƙa tsofaffin mata sukan rufe ido. Yana da shago kusa da tasha, yana sayar da batir yana ɗan taɓa rewaya. Matarmu yake kirana. Kusan kowace Lahadi bayan sujada a gidanmu yake cin gwaten acca, ya miƙe ƙafa a tabarma yana tambayoyi. Yaya ake kama ƙafafun? Wace na'ura ce? A ina ake sayenta? Mijina ya nuna masa komai, har ya ba shi lambar mai shagon da muka saya a wurinsa.

Bayan wani lokaci motoci suka fara raguwa a shagonmu. Wani direban hanyar Zonkwa ne ya gaya wa mijina dalili.

"Oga, ai Dattijo ma yana yi yanzu. Kana tsaye zai yi maka, kuma ya fi araha."

Mijina ya ce ba laifi, mai yiwuwa ya yi nasa binciken. Ni ban yarda ba. Mutumin da ba ya iya zama ya karanta takardar batir har ƙarshe, yaushe ya hau dutse damina biyu? Ba a daɗe ba wata mota da ya yi wa aiki ta zo mana da matsalar fitila. Na ce a buɗe mini birenbos ɗinta. Na kama ƙafafun aisin, na karanta. Lambobina ne, ɗaya bayan ɗaya. A can ƙarshen fayil ɗin akwai wani fili da inji ba ya amfani da shi, inda na rubuta haruffan farko na sunayen yaranmu don wasa. Su ma suna nan. Ashe Dattijo ya samu motar da muka gyara, ya kwafe duk abin da ke cikinta, yana zuba wa wasu.

Mijina ya je ya same shi. Da ya dawo na tambaye shi abin da ya ce.

"Ya ce ilimi na Allah ne, ba na mutum ɗaya ba."

"Kai kuma ka ce me?"

"Na ce haka ne."

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila na haɗiye. Amma ɓarawon bai san abin da ya sata ba. Ya ɗauki fayil ɗin da muka yi wa inji iri ɗaya ya zuba wa wata mota mai inji dabam. Motar ta yi tafiya kaɗan, injin ya buga a hanyar Kachia. Mai motar wani ƙato ne, mai faɗa a ji a ƙungiyar direbobi. Da ya je wurin Dattijo da hayaniya, sai Dattijo ya ce shi ba ruwansa, fayil ɗin na mijina ne, shi ya ba shi da hannunsa ya ce ya dace da kowace mota, ashe da gangan ya lalata shi don ya ɓata masa kasuwa.

Aka zo har shago aka tafi da mijina ofishin ƙungiya. Ina aji lokacin, wata mai sayar da abinci a tasha ce ta ba ni labari daga baya, kuma na sa ta maimaita mini har sai da na haddace. Sun tsayar da shi a gaban benci, mutane sun kewaye. Dattijo ya ɗora hannu a ƙirji ya rantse. Shi kuwa mijina ya buɗe baki zai yi bayani, maganar ta ƙi fita da sauri, don dama shi ba mai saurin baki ba ne. Ƙaton nan ya shaƙe masa riga ya mare shi. Shugaban ƙungiya ya yanke hukunci cewa mu za mu sayi injin, kuma kada motar ƙungiya ta sake zuwa shagonmu.

Mijina ya dawo da rigarsa a yage. Bai ci abinci ba. Kwanakin da suka biyo baya yakan je shago ya share, ya zauna, ya dawo. Wata Lahadi da safe ya sunkuya zai ɗaura igiyar takalmi, sai ya kife a ƙasa. Likita ya ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Hannun da yake riƙe ƙarfen dalma da shi ya tafi, bakinsa ya karkace, magana ta koma sai da ƙyar.

Dattijo ya zo asibiti da ledar ayaba. Ya tsaya a kan gadon ya yi addu'a mai tsawo, da muryar nan tasa, har masu jinyar gadon kusa suna amsa amin. Da zai fita ya ce, "Matarmu, ki yi haƙuri, Ubangiji yana gani." Na ce lallai yana gani. Na bi bayansa da ayabar na zuba wa awakin da ke yawo a bayan ɗakin magani.

Da aka sallame mu na karɓi makullin shago. In an tashi makaranta sai in ɗaura zani a kan rigar aiki in zauna. Hannuna bai kai nasa iya dalma ba, na ƙona yatsu sosai kafin in saba. Masu motocin gida da 'yan direbobin da ba sa tsoron ƙungiya suka ci gaba da zuwa. Abin da na fara yi shi ne kare aikina. Na kankare lambar da ke jikin kowane aisi don kada a gane irinsa, na zuba baƙin gam a kansa ya daskare kamar dutse. Bai hana komai ba. Na ji labari Dattijo ya samu wata motar da na yi, ya gasa gam ɗin da wuta, ya kankare da reza, ya kai ga ƙafafun.

Ranar da na ji haka ina tsaye ina wanke shinkafa. Sai na ga ashe na ɓata lokaci ina ƙara wa ƙofa sakata. Ni ba so nake ɓarawon ya kasa shiga ba. So nake ya shiga, ya ɗauka, ya kai gida, ya raba wa duk wanda ya tsaya yana kallo ranar da aka mari mijina.

Na shiga karatu kamar mai jiran jarrabawa. A lokacin hutun tara a ɗakin malamai, wasu suna hira, ni ina kan waya ina bin bayanan masu irin wannan aiki na wasu ƙasashe. A nan na gano akwai wani ƙaramin aisi da ake iya kullewa: za ka rubuta a cikinsa, amma ba mai iya karantawa, in aka matsa masa ma sai ya goge kansa. Na sa aka kawo mini daga Legas. Na tsara yadda duk lokacin da aka murɗa makulli, babban aisi zai tambayi ƙaramin wata tambaya. In ya amsa, mota ta tashi, shi ke nan. In babu mai amsawa, motar za ta tashi dai, ta yi tafiya lafiya lau, amma babban zai riƙa ƙirgawa a ɓoye. Ranar da ƙirgen ya cika, zai hana inji mai, ya kuma rufe kansa yadda na'urar Dattijo ba za ta iya karanta shi ko ta goge shi ba. Daga nan sai dai a sayi sabon birenbos, ko a zo wurina. Abu ɗaya na kiyaye: ba za ta taɓa mutuwa tana cikin tafiya ba, sai a tsaye. Ba jinin fasinja nake nema ba.

A motarmu na gwada, a tsakar gida. Ina murɗa makulli ina kashewa, ina murɗawa ina kashewa, har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta tambaya ko batir ne. Mijina yana zaune a baranda da bargo a ƙafa. Ba wanda ya gaya masa, amma ya gane. Da motar ta ƙi tashi a karon da na sa mata, na fito ina murmushi, sai ya yafito ni da hannun hagu.

"Ki bar... wa Allah," ya ce, kalma ɗaya-ɗaya.

"Na bar masa nasa," na ce. "Wannan nawa ne."

Ya juya kai wajen bishiyar gwaiba.

Saura abin da zai jawo Dattijo. Na zauna na gyara fayil ɗin har ya fi na da, mota ta rage shan mai yadda direba zai gani a aljihunsa. Na zuba wa motoci kaɗan, kowace da ƙaramin aisinta a ɓoye a ƙarƙashin allon, inda ba mai dubawa. Ban yi talla ba. Direba ba ya iya riƙe irin wannan labari. Kafin wata ya ƙare ana maganar sabon gyaran Malama a tasha.

Wanda nake jira ya zo da yamma, ana yayyafi. Ƙanin matar Dattijo ne, yana jigilar hanyar Zangon Kataf. Ya yi fakin nesa kaɗan, ya zo yana sosa ƙeya.

"Mama, sannu da aiki. Yaya jikin Baba?"

"Da sauƙi."

"Motan nan ne ba ya ja. Na ce bari in kawo miki ki sa mini sabon nan."

"Ba surukinka ne ke yi maka ba?"

"Kai, Mama, nasa ba ya kai naki. Ni ba ruwana da maganan su."

Na ɗora na'ura a motar. Lafiyarta ƙalau. Na ce ya je ya sha shayi ya dawo. Na yi masa aikin da kyau, na ɓoye ƙaramin aisin, sannan na shafa wa babban aisin gam siriri, wanda ko da farce za a iya ɓamɓarewa, don kada Dattijo ya ga abin ya yi sauƙi ya yi zargi. Da zai tafi har na ce ya gaida yayarsa.

Sai jira. Lokacin azumin Ista ne. Kowace Lahadi ina zaune a layin zumuntar mata, Dattijo yana gaba da fararen kaya yana ɗaga waƙa. Na ga ya yi sabon takalmi, na ga ya yi wa shagonsa fenti ya rubuta cewa shi ƙwararren birenbos ne. Mai sayar da abincin nan takan gaya mini motoci har layi suke yi a wurinsa, ƙaton nan ma ya kai sabuwar motar da ya saya bayan wancan injin. Matan zumunta suka ce na fara murmurewa, fuskata ta yi haske, addu'arsu ta karɓu. Na ce musu na gode.

Direbobin haya kusan yawan tashi ɗaya suke yi a rana, don haka na san abin zai zo kusa da kusa. Ban dai zaci zai faɗo a makon Ista ba, lokacin da duk ɗan kudancin Kaduna da ke birni yake neman hanyar gida. Ta farko ta ƙi tashi a tasha bayan an gama lodi. Aka ce batir ne, aka canza. Aka ce famfon mai ne. Aka tura ta har bakin titi, ba ta ko yi tari ba. Washegari aka ji wata a kasuwar Zangon Kataf, wata a Zonkwa, wata a gidan mai a Kajuru. Kafin Juma'a direbobi sun zauna sun haɗa lissafi, sun ga duk motocin da suka mutu hannun mutum ɗaya suka bi, waɗanda na yi kuwa suna ta kai da kawowa.

Bayan sujadar Juma'ar Ista ban cire kayan coci ba, na wuce tasha. Na zauna a bencin mai abinci na sayi gyaɗa. Motoci suna jere da bakinsu a buɗe, fasinjoji zaune a kan jakunkuna. A gaban ofishin ƙungiya, a daidai wurin da aka tsayar da mijina, an kewaye Dattijo. Na'urarsa tana hannunsa, igiyarta tana jan ƙasa. Yana ta bayani, muryar ta zama siririya. Ƙaton nan ne ya riƙe masa wuyan riga. Na ga farar rigar ta yage daga kafaɗa, na ga takalmi ɗaya ya fita aka taka shi cikin taɓo. Ina ɓare gyaɗata ɗaya-ɗaya ina ci. Ban taɓa cin gyaɗa mai daɗin wannan ba.

Da suka ja shi za su shiga ofis, sai suka bi ta gabana. Idonsa ya faɗa cikin nawa.

"Sannu da aiki, Dattijo," na ce.

Ranar Asabar da hantsi suka zo gida: fastonmu, shugaban ƙungiya, da shi Dattijo. Na shimfiɗa musu kujeru a baranda kusa da mijina. Ban kawo ruwa ba. Fasto ya fara da addu'a, sannan ya yi magana a kan makon da muke ciki, da wanda ya yafe wa masu gicciye shi. Na bar shi ya gama. Shugaban ƙungiya ya ce shi ba dogon zance ya kawo shi ba, motocin mutanensa suna kwance, an ce ni kaɗai zan iya tashe su.

"Zan iya," na ce.

Dattijo ya zame daga kujera ya durƙusa. "Matarmu, don Allah..."

"Ni matar mutum ɗaya ce. Ga shi nan zaune. Ka dube shi da kyau, ka ga abin da ka rage mini."

Bai ɗaga kai ba.

Fasto ya ce, "Malama, amma abin da kika yi ya taɓa marasa laifi."

"Baba Fasto, ni ban taɓa motar kowa ba. Na kulle kayana a cikin motar wanda ya kawo mini. Wanda ya fasa ya ɗiba ya sayar, a tambaye shi. Su kuma da suka saya sun san na wane ne, don gyaran Malama suke ce masa har a shagonsa."

Shugaban ƙungiya ya sunkuyar da kai yana juya makullinsa.

Na faɗa musu sharaɗina. Dattijo zai tsaya a tasha, a wurin da aka mari mijina, ya karɓi lasifikar da ake kiran fasinja da ita, ya faɗi da bakinsa cewa ya saci aikinmu, shi ya lalata injin nan, kuma ya rantse a kan ƙarya. Zai maimaita a gaban dattawan ikilisiya. Ƙungiya za ta janye hukuncinta a fili kamar yadda ta yanke shi a fili. In an yi haka zan tashi motocin.

Mijina ya motsa a kujera. Duk muka juya muna jiransa.

"Ki gyara... na mutane," ya ce.

"Zan gyara. Ban da guda ɗaya."

Shugaban ya tambaya wacce. Na ce ta wanda ya ɗaga hannu ya mari mijina. Ya ce ai mutumin yana da iyali. Na ce mu ma muna da su ranar.

A yammacin ranar aka yi. Na sa wa mijina rigarsa mai kyau, na ɗauko keke napep muka je, aka ajiye masa kujera a gaba. Dattijo ya hau benci da lasifika. Da farko yana magana ƙasa-ƙasa, sai wani direba daga baya ya ce ba a ji. Ya ɗaga murya. Ya faɗi duka, har da ayabar da ya kai asibiti, wadda ban ma sa shi ya faɗa ba. Masu tallan burodi sun tsaya, fasinjoji sun miƙe daga kan kayansu. Ni ina tsaye a bayan kujerar mijina, hannuna a kafaɗarsa, ina kallon bakin mutumin don kada kalma ɗaya ta wuce ni. Na ji kafaɗar tana rawa. Da na leƙa sai na ga hawaye yake yi. Ya ce in kai shi gida.

Hutun Ista duka a shago na yi shi. Aka riƙa jawo motoci da igiya daga ko'ina, ina buɗe su, ina sa wa kowace ƙaramin aisinta. Wasu direbobin ba sa iya kallon idona, wasu suka bi ta gida suka gaida mijina da doya. Ƙaton nan ya aiko mutane har sau da dama, ya aiko matarsa, daga baya ya zo da kansa ya tsaya a bakin shago yana murza hula. Na ce ya matsa yana tare mini haske. Ya nemi birenbos irin na motarsa a Kaduna bai samu wanda ya dace ba. Motar ta zauna a ƙarƙashin mangwaron tasha har ciyawa ta fito ta cikin tayoyinta, a ƙarshe ya sayar wa masu yanka motoci. Yanzu lodi yake yi wa wasu.

Ikilisiya ta sa Dattijo a horo, aka sauke shi, aka mayar da shi bencin baya. Ni ma Fasto ya kira ni ofis ya ce kada in zo teburin jibin Ubangiji sai ranar da na iya cewa na yafe. Na ce to. Ana miƙa gurasa ana wuce ni, ina zaune da hannuna a cinya. Mata suka yi ta zuwa suna roƙona in faɗi kalmar kawai. Na ce ba zan yi ƙarya a coci ba, mai yin haka ya riga ya koma bencin baya. Bayan an canza mana fasto, sabon ya ce in riƙa zuwa, sauran tsakanina da Ubangiji ne.

Dattijo bai kai ƙarshen daminar nan a Kafanchan ba. Ya sayar da shagon ya koma Kujama, na ji yana sayar da baƙin mai da tsofaffin tayoyi, yana ɗan taɓa rewaya in ya samu baƙon da bai san shi ba. Mijina ya yafe masa tuni. Duk Kirsimati yakan kira, mijina ya riƙe wayar da hagu su yi ta magana da yarensu, har in ji yana dariya. Ni nakan tashi in shiga kicin.

Jikin mijina ya ɗan dawo, yana takawa da sanda. Yakan zo shago ya zauna, in an tada mota ya saurara ya nuna mini inda zan duba, kuma ba ya kuskure. Ba akwatin da ke fita daga hannuna ba tare da kulle ba.

Bara wani direban hanyar Kachia ya kawo mini birenbos a cikin leda, ya ce an buɗe shi a wani wuri an kasa, sai aka ce masa ya kawo Kafanchan wurin Malama. Na kwance murfin. Dalmar da ke ciki tuli-tuli ce kamar kashin kaza, an ƙona gefen allon, an kankare wani wuri da reza.

"A Kujama aka taɓa wannan," na ce.

Ya ce mutumin ne ya roƙe shi kada ya faɗa.

Mijina yana kallona daga kujerarsa. Na mayar da murfin, na ɗaure kusoshin duka huɗu, na sa a ledar na miƙa wa direban. Na ce ya mayar wa wanda ya fara ya ƙarasa.